Yadda ake ɗanɗana wiski mai hayaƙi da aka ƙarasa a gangar fot

Kwalba biyu nake ba mai koyo shawara ya ajiye a gabansa ranar farko: Talisker mai shekara 10 da Talisker Port Ruighe. Matata ɗaya ce ta yi su, a ƙauyen Carbost na tsibirin Skye da ke yammacin Sikotlan, inda ake wannan sana'a tun 1830. Ƙarfin barasarsu ma ɗaya ne, kashi 45.8 cikin ɗari. Babban abin da ya raba su shi ne na biyun ya yi zamansa na ƙarshe a gangar da ta taɓa ɗaukar fot, wata jar giyar inabi mai zaƙi ta ƙasar Fotugal. Idan ka jera su kusa da juna, hancinka da kansa zai nuna maka abin da gangar ta ƙara da abin da ta danne.

Na san galibin masu karanta Hausa Musulmi ne, giya kuma haramun ce a gare su, a jihohin da ke bin shari'a ma doka ta hana. Ba gayyatar kowa nake yi ba. Na rubuta wannan ne don baligin da addininsa bai hana shi ba, da mai aikin otal a ƙasar waje da baƙi ke yi wa tambaya, da wanda kawai yake son sanin abin da masu wannan sana'a ke nufi idan suka tsoma hanci a kofi suna ta dogon bayani.

Fara da karanta kwalbar

Dokar wiskin Sikotlan ta 2009 ta fayyace abin da za a iya kira singul molt. Dole a yi shi da tsiron sha'ir zalla, da ruwa, da yis, a matata guda, cikin tukwanen jan ƙarfe. Dole ya yi aƙalla shekara 3 cikin gangar itacen ok a cikin Sikotlan, kuma ba a zuba shi a kwalba da ƙarfin da ya gaza kashi 40. Idan an rubuta shekaru a jikin kwalba, shekarun mafi ƙuruciyar wiskin da ke ciki ne. Port Ruighe ba a rubuta masa shekaru ba, ka riƙe wannan a ranka lokacin kwatantawa.

Wanda ya taɓa ganin yadda ake jiƙa dawa ko gero a lulluɓe har ya yi tsiro, don kunu ko burkutu, ya riga ya san rabin labarin. Haka ake yi wa sha'ir. Bayan ya tsira sai a busar da shi, kuma a nan hayaƙi ke shigowa. A wasu matatun ana ƙona wata baƙar ƙasar fadama da suke kira fit a ƙarƙashin hatsin tun yana da danshi. Fit ragowar gansakuka da ciyayi ne da suka daɗe a danne cikin ruwa ba su gama ruɓewa ba. Kamar milimita 1 yake taruwa a shekara, ana yanka shi kamar tubali a shanya ya bushe kafin a ƙona.

Ana auna yawan hayaƙin da ya kama hatsin da kashi nawa cikin miliyan, abin da za ka ga an rubuta ppm. A tsibirin Islay na Sikotlan, wanda ake furtawa Aila, wiskin matatar Bowmore na wajen 25, Lagavulin wajen 35, Laphroaig 40 zuwa 45, Ardbeg 50 zuwa 55. Akwai wani wiski mai suna Octomore da ya kai 309. Talisker na ƙasa da waɗannan, wajen 20. Kada lambar ta ruɗe ka. A jikin hatsi ake auna ta tun kafin a dafa, kuma kaso mai yawa na hayaƙin yana salwanta a tukunya da shekarun zaman ganga. Na sha jin wiski mai ƙaramar lamba ya fi mai babbar lamba cika hanci.

Fot kuwa daga kwarin kogin Douro yake fitowa. Ana tsayar da tsimuwar ruwan inabin tun sukarinsa bai ƙare ba, ta hanyar zuba masa barasar inabi, shi ya sa yake da zaƙi kuma ƙarfinsa ke kaiwa wajen kashi 20. Iri biyu ne suka shafe ka. Ruby ja ne wur, ɗanɗanonsa na nunannun 'ya'yan itace. Tawny ya daɗe a katako har ya koma ruwan ƙasa, ya fi karkata ga zabibi da gyaɗa soyayyiya. Gangar fot doguwa ce, tana cin lita 550 ko sama da haka.

Yanzu duba kalma ɗaya a takardar kwalbar. Idan an rubuta Finish, ma'anarsa wiskin ya yi yawancin shekarunsa a wata ganga, galibi wadda ta ɗauki bourbon, wato wani wiskin Amurka, sannan aka juye shi cikin ta fot na ɗan lokaci. Doka ba ta ƙayyade tsawon wannan lokaci ba, yana iya zama watanni kaɗan, yana iya zama shekara biyu ko fiye. David Stewart na matatar Balvenie yana cikin waɗanda suka fara wannan dabara a shekarun 1980, Glenmorangie kuma ta yaɗa ta a shekarun 1990. Idan kuma an rubuta Port Cask Matured, kamar wanda matatar Kilchoman ke fitarwa, to tun daga farko a gangar fot ya zauna, kuma za ka ji fot ɗin ya fi nauyi.

Abu na ƙarshe kafin ka buɗe: duba murfi da hatimi da rubutun jikin kwalba, musamman idan a kasuwanninmu ka saya. Jabun barasa na yawo, NAFDAC ta sha kama shi, kuma wanda aka haɗa da metanol, wata barasa mai guba, yana makantarwa, yana kisa. Wiski mai tsada da aka sayar maka da arhar banza, bar shi inda ka gan shi.

Shirya kanka da wurin

Kofin da ake so shi ne mai faɗin ciki da tsukakken baki, kamar ƙwan fitila, don ƙamshi ya taru a sama. Wanda aka fi sani shi ne Glencairn, da ya fito a 2001. Idan babu, ƙaramin kofin giyar inabi zai yi. Faffaɗan kofin nan mai kaurin gindi da ake gani a finafinai na shan ƙanƙara ne, ƙamshi tserewa yake yi daga cikinsa. Wanke kofin da ruwan zafi, ka tabbata ba warin sabulu ko na kabad a jikinsa. Ka tanadi ruwan kwalba marar gas wanda ba a sa a firji ba, da ƙaramin cokali, da farar takarda, da abin rubutu.

Mu mutane ne masu son ƙamshi, kuma a nan ƙamshin zai cuce ka. Ɗakin da aka yi turaren wuta bai dace ba, haka rigar da ta sha humra, haka hannun da aka shafa wa mai. Goro, sigari, yaji da kofi mai ɗaci duk suna toshe harshe na tsawon lokaci, ka nisance su aƙalla awa guda. Kada ka zauna da yunwa, kada kuma ka zauna bayan ka cika ciki da tsire. Mai mura ya haƙura sai ya warke.

Sai zafi. Ɗakin da ake ɗanɗana wiski a Sikotlan bai cika wuce digiri 20 ba. A ɗakin da ya haura 35, barasar ce ke fara tashi ta soki hanci kafin komai ya iso. Nemi wuri mai sanyi, ko ka jira dare ya yi. Ƙanƙara ba mafita ba ce, rufe ƙamshin take yi.

Zuba kamar mililita 20 a kowane kofi, ka bar su su huta. Masu sana'ar na cewa minti ɗaya a kofi kan kowace shekara a ganga. Minti goma ya isa.

Ido

Ɗaga kofin a gaban farar takardar. Gangar ruby kan bar wani ja-ja mai kama da zoɓon da aka tsinka da ruwa sosai, tawny kuma ta fi ba da launin tagulla. Kada ka dogara da launi, domin doka ta yarda a ƙara launin ƙonannen sukari, wanda ake kira E150a. A Jamus dole a rubuta hakan a kwalba, za ka ga mit Farbstoff, amma a yawancin ƙasashe ba a faɗa. Zirin da ke gangarowa a jikin kofi idan ka juya shi ƙarfin barasa yake nunawa, ba inganci ba. Minti ɗaya ya ishe ka a nan.

Hanci, inda yawancin aikin yake

Masu haɗa wiski a manyan kamfanoni da hanci suke yin kusan duk aikinsu, sukan shinshina samfuri da yawa a yini ba tare da sun haɗiye ba. Kai ma a nan za ka fi daɗewa.

Fara da mai shekara 10. Riƙe kofin daidai haɓarka, ka ɗan buɗe baki, ka ja numfashi a hankali. Sannan ka matso da shi sannu-sannu har bakin kofin ya kusa taɓa hancinka. Shinshina gajere-gajere. Wanda ya tura hanci ya zuƙa da ƙarfi, barasa za ta ƙone shi, ya yi minti biyar ba ya jin komai. Karo na farko zafi kawai za ka ji da hayaƙi. Ajiye, ka shinshina bayan hannunka don hanci ya dawo daidai, ka sake. A karo na uku abubuwa ke fara rarrabuwa.

Tambayar farko: wane irin hayaƙi ne? Ba iri ɗaya ba ne. Akwai na asibiti, mai warin Izal da aidin da bandeji, wanda Laphroaig ya yi suna da shi. Ba kwatance ne kawai ba, sinadaran da ke ba Izal warinsa 'yan gida ɗaya ne da waɗanda hayaƙin fit ke bari a jikin hatsi. Akwai na itace, mai tuna maka kifin banda ko wurin mai balangu da yamma. Akwai na toka, kamar murhun da aka yayyafa wa ruwa. Akwai na kwalta. Talisker ya fi karkata ga hayaƙin itace da iskar teku mai gishiri, da wani yaji-yaji kamar masoro.

Yanzu ɗauki Port Ruighe. Nemi hayaƙin da ka riga ka sani, ka ga ko yana nan yadda yake ko ya ja baya. Sannan ka nemi abin da ya shigo sabo. A hancina, tsamin zoɓo mai sukari ne ke fara zuwa, sai zabibi da dabino, sai wani abu kamar baƙin cakulan. Wani zai ce ɗinya ya ji. Duk daidai ne muddin abin da ka ji ke nan.

Lokacin da nake koyo a mashayar wani otal a Edinbara, na yi watanni ina haddace sunayen 'ya'yan itatuwan da ban taɓa ci ba, ina maimaita wa baƙi kamar aku. Wata rana wani dattijo ya miƙo min kofinsa ya ce in faɗa masa abin da ni na ji. Na yi shiru, can na ce yana min kama da kifin banda da aka ajiye kusa da jarkar zoɓo. Sai da na yi masa bayanin zoɓo, amma daga ranar na daina aron hancin wasu. Ƙamshin da ba ka taɓa shaƙa ba, ba za ka gane shi a kofi ba ko an faɗa maka sunansa sau ɗari.

Wata dabara: ɗiga ɗigo biyu a tafin hannu, ka murza har barasar ta bushe, ka rufe hanci da tafukan. Abin da ya saura shi ne hatsin da hayaƙin tsantsa. Idan warin ɗanyen ƙullu ko yis ya yi yawa, alama ce wiskin bai gama nuna ba.

Baki

Kurɓin farko ɗan mitsitsi ne, don harshe ya saba da zafi, kada ka yi masa hukunci. A na biyu ka ɗauki kamar rabin ƙaramin cokali, ka riƙe daƙiƙa biyar zuwa goma kana juya shi ko'ina a baki. Lura da jikinsa tukuna: tsinkakke ne kamar ruwa, ko yana da maiƙo yana manne wa harshe? Gangar fot takan ƙara masa kauri kaɗan.

Sannan ka bi jerin yadda abubuwa ke zuwa. A irin wannan wiski zaƙi ne yakan riga, yaji ya biyo a tsakiya, hayaƙi ya taso daga baya. Haɗiye, ko ka tofar idan kana da kofuna da yawa a gaba, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. A wannan numfashin ne hayaƙi ke bayyana sosai, kuma sau da yawa wani ƙamshi da bai fito a kofi ba a nan yake fitowa.

Ƙara ruwa

Ɗiga ruwa ɗigo uku ko huɗu, ka juya kofin, ka jira minti ɗaya, ka koma hanci da baki. A 2017 masu bincike a Jami'ar Linnaeus ta Suwidin sun nuna cewa sinadarin guaiacol, ɗaya daga cikin masu ba da ƙamshin hayaƙi, ya fi tasowa saman ruwan idan an rage ƙarfin barasa. Masu haɗa wiski kan tsinka samfurinsu har zuwa wajen kashi 20 don jin aibu. Kai ba sai ka kai nan ba. A ganina wiskin da aka ƙarasa a fot ba ya jure ruwa kamar ɗan'uwansa na gangar bourbon. Idan ruwa ya yi yawa, zaƙin 'ya'yan itacen ya tsinke, a bar ka da toka da bauri. Ƙara kaɗan-kaɗan, da ka ji ya buɗe ka tsaya. Idan ya yi hazo-hazo bayan ruwa, ba lalacewa ya yi ba, alama ce ba a tace shi da sanyi ba, abin da aka fi gani a masu ƙarfin kashi 46 zuwa sama.

Abin da ya saura, da hukunci

Bayan ka haɗiye, ka ƙirga tsawon lokacin da ɗanɗanon ke ɗauka kafin ya ɓace. Hayaƙi kan daɗe ko a wiski marar kyau, don haka tsawo kaɗai ba abin yabo ba ne. Abin dubawa shi ne ko zaƙin fot ya raka hayaƙin har ƙarshe, ko ya sauka a hanya. Ɗan bauri irin na goro yana da daɗi, yana tsane baki. Baurin ɗanyar kanya kuwa, mai ɗaure harshe, yana nuna katako ya yi yawa.

Tambayar da duk wannan wahala ke kaiwa gare ta ita ce ko hayaƙi da fot sun zama abu ɗaya. A wanda aka yi da kyau ba za ka iya nuna inda ɗaya ya ƙare ɗayan ya fara ba, kamar kilishin da yajinsa ya ratsa nama. A wanda aka yi da gaggawa, fot ɗin yana zaune a sama kamar babbar riga a kan dattin singileti: kurɓin farko zaƙi kamar maganin tari, sai ya yaye, wani ɗanyen wiski mai zafi da warin ruwan goge farce ya fito. Wasu matatun suna amfani da gangar fot don rufe ƙuruciyar wiski, kuma launin ja yana sayar da kwalba. Koma kan mai shekara 10 ka tambayi kanka ko har yanzu kana gane Talisker a cikin ɗayan. Idan masoro da gishirin sun ɓace gaba ɗaya, gangar ta fi ƙarfin wiskin. A Port Ruighe ina jin su, ko da yake sun yi laushi, kuma gaskiya akwai ranakun da na fi son mai shekara 10 saboda kaifinsa.

Akwai aibu biyu da ba ruwansu da ra'ayi. Warin ashanar da aka ƙyasta, ko ruɓaɓɓen ƙwai, ko ƙonanniyar roba, na farar wuta ne, wadda ake ƙonawa a wasu gangunan giyar inabi don kada su lalace a hanya. Mutane sun bambanta wajen jin sa, wani ɗan kaɗan ke damunsa, wani ba ya ji sam. Warin jiƙaƙƙen kwali kuwa daga toshiyar kwalba yake, wannan a mayar wa mai shago.

Rubuta abin da ka ji tun kana zaune, hanci daban, baki daban, abin da ya saura daban. Masu yawa suna ba da maki cikin 100. Ni ban damu da lamba ba, tambaya biyu nake rubutawa: zan sake saye a wannan farashi, kuma wa zan ba shawarar ya gwada? Idan kana son ka san ko hancinka ne ke aiki ko sunan kwalba, sa wani ya zuba maka kofunan a ɓoye ya jirkita su, ka rufe ido saboda launi.

Ɗanɗanawa ba shaye-shaye ba ce. A lissafin hukumomin lafiya na Birtaniya, mililita 25 na mai ƙarfin kashi 40 shi ne awo ɗaya, kuma shawararsu kada a wuce awo 14 a mako. Kofi biyu ko uku sun isa zama guda, bayan haka harshe ya gaji, hayaƙi ya dushe komai. Wanda ya haɗiye kada ya tuƙa mota, mai juna biyu kuma kada ta kusanta.

Kada ka wanke kofin da ka gama da shi. Rufe bakinsa da takarda ka bar shi ya kwana. Da safe barasa ta tafi, abin da ganga da hayaƙi suka bari shi kaɗai zai saura, kuma sau da yawa a nan nake gane ko ruby ce ko tawny. Kada kuma ka yanke hukuncin ƙarshe da zubin farko na sabuwar kwalba, domin bayan mako biyu ko uku da buɗewa hayaƙin kan lafa, 'ya'yan itacen su ƙara fitowa. Ajiye kwalbar a tsaye don barasa kada ta ci toshiyar, a wuri mai duhu nesa da taga. Idan saura kashi ɗaya cikin uku kuma ba ka da niyyar ƙarasa ta nan kusa, juye ragowar cikin ƙaramar kwalba mai murfi mai kyau don iskar da ke ciki ta ragu.